Taron Dutse Mai Kwana

A bencin jira na garejin gyaran mota, wata malamar jami'a ta gama waya kan ɗakunan otal. Dattijuwar da ke gefenta ta gyara zama.

"'Yata, biki za ku yi ne? Na ji kina ta rabon gadaje."

"A'a, Mama, taron masana ne. A kan wani dutse, ziyolait."

"Dutse? Shi ne har sai an kwana a kansa?"

"Ai ba kowane dutse ba ne. Cikinsa duk ƙananan ramuka ne, yana tace ruwa, yana shanye wari."

"Ikon Allah. Baƙin daga nesa za su zo ke nan."

"Wasu dai. Yawancinmu a garin nan muke."

"To ku riƙa komawa gida da yamma mana."

"Ba zai yiwu ba. Hira mai amfani sai an ci an kishingiɗa take fitowa. Ni na dage a kwamiti sai an kwana."

"Ke kika dage. Gidanki da nisa ne?"

"Bayan otal ɗin ne. Tagwaye gare ni, Mama, haƙori suke fitarwa. Babansu kuma ya ce raino ba wani aiki ba ne."

"Af! Ashe shi za a yi wa gwajin, ba dutsen ba."

"Wallahi don ilimi ne."

"Na yarda, 'yata." Dattijuwar ta matso, ta rage murya. "Jikoki aka jibge mini hutun nan. Wadda ba ta san dutsen ba, ana ba ta gado?"