Malam Ɗanjuma Ba Ya Ba Da Haƙuri

A tashar Kafin Maiyaƙi muna jiran motar Doguwa ta cika, wata dattijuwa ta leƙa wayar budurwar da ke gefenta.

"'Yar nan, wannan ba Malam Ɗanjuma ba ne, na littafin da ake karantawa a rediyo? Ai an gama shi."

"An gama, Hajiya. Ni nake ƙara masa a guruf ɗinmu."

"Ke ce marubuciyar?"

"A'a."

"To da izinin wa? Tsaya ma. Ya durƙusa ya ba 'yarsa haƙuri? Mutumin da ya kore ta don ta tafi jami'a? Wannan ba shi ba ne. Sake masa suna."

"In na sake, ai ba shi ya ba da haƙurin ba."

"Kin ruɗa ni wallahi. Wa zai yarda?"

"'Yan guruf ma sun ƙi."

"To goge mana."

"Sai na je Doguwa tukuna. Babana ba lafiya. Shekara huɗu bai amsa gaisuwata ba."

Dattijuwar ta karɓi wayar, ta sake karantawa a hankali.

"Irinsu ba sa durƙusawa, 'yar nan. Ki sa ya ce mata, 'Kin ci abinci?'"