Bajimin da Aka Tanadar wa Falalu

Mai girma shugaban taro, Alhaji Ɗantani, iyayenmu malamai, 'yan'uwana mahauta da dillalan kara, baƙinmu na Bakura da Maradun, jama'ar Talata Mafara maza da mata, assalamu alaikum.

Ni ne Maiwada Sarkin Fawa, ƙanen mahaifin Falalu, yaron da kuka taru ku karrama. Ina gode wa kwamitin tarba, musamman waɗanda a da suke cewa ɗan marigayi Bawa ya yar da wuƙa ya tafi Turai kokawa a kan ƙwallon da ko zagaye bai cika ba. Yau ga su a sahun gaba, ana ta gyara babbar riga. Madalla da irin wannan mantuwa!

Na farko, wasan sunansa zari-ruga. Falalu ɗan gaba ne, inda ƙarti takwas ke sunkuyawa su haɗa kai da kafaɗa su ingiza wasu takwas. Haka ya yi wa ƙungiyarsa ta Faransa shekara da shekaru, haka ya yi a rigar Najeriya. Shi ake dannewa, wasu su ci ƙwallo a tafa musu.

Na biyu, abin da ya dawo da shi gida. Rauni ne a wuya, jama'a. Likita ya ce in ya ƙara buguwa, ba zai sake tashi da ƙafarsa ba. Da kwamiti suka fara zancen ya yi hawan ƙaho, mahaifiyarsa Tabawa ta taka har gabansu ta faɗa musu tana kuka. Suka ce, "Haba Hajiya, ɗan mahauta ne fa, al'ada ce!" Suka sayo bajimi daga Maradun, wai bayan abinci Falalu ya yi hawan ƙaho, baƙi su ɗauka a waya. Kai, wannan ƙauna ta yi yawa! Shi kuwa, da kunyar manya, ya sunkuyar da kai ya ce to. Wallahi raina ya ɓaci.

Na uku, al'adar. Na ji daɗi da na ga masu koya mana ita, mutanen da ko igiyar ɗan maraƙi ba su taɓa riƙewa ba. Amma sun manta cewa a al'adar, sa ba ya shiga fili sai da izinin Sarkin Fawa, kuma ba wanda ya tambaye ni.

To, kun ci tuwo, kun ci nama. Ranka ya daɗe shugaba, na ga har ƙari aka yi maka. Wannan naman, bajiminku ne. Da safe na sa aka yanka shi.

Allah ya sa ya zauna muku lafiya. Allah ya jiƙan Bawa, ya bar wa Tabawa ɗanta yana tafiya da ƙafarsa, ya mai da kowa gida lafiya. Wanda har yanzu yake son ganin ƙaho, yana bayan rumfa, ya ɗauka kyauta.

Na gode.