Ranar da Na Ƙona Maganina

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Rifkatu, garin rogo nake sayarwa a kasuwar Lafiya. Zan faɗi abin bi da bi, ku bari in gama.

Ciwon ne ya fara zuwa, giya ta biyo baya. Bayan na haifi Bulus na soma jin wata murya tana zagina, har a tsakiyar kasuwa. Na lura ogogoro yana kwantar da ita. Daga kofi ɗaya na kai kwalba. Dangin mijina suka kwashe 'ya'yana biyu, Talatu da Bulus, suka kai su Doma. Surukata ta ce, "Ranar da kika koma mutum, ki zo ki ɗauka."

Na je asibiti, aka ba ni ƙwayoyi. Da na koma, ma'aikaciyar ta ji warin bakina ta ce, "Madam, je ki daina sha tukuna, sannan mu duba kan naki." Na tafi wani gidan addu'a. Can kuma aka ce ƙwaya da kwalba duk sarƙar Shaiɗan ce. Na tsaya gaban jama'a na jefa su duka a wuta, ana ta tafi.

Sati uku bayan haka aka tsince ni a hanyar Doma, a buge, ba takalmi, ina kiran sunan 'ya'yana. Labarin ya kai kunnen surukata.

Wata Laraba bayan sujada na durƙusa a cocin nan na ce, "Ubangiji, in na bar giya muryar ta dawo, in na sha a kore ni daga asibiti. Ban san da wanne zan fara ba." Mama Saratu, tsohuwar nas, tana bencin bayana. Ta ce, "Ke 'yata, wa ya ce miki sai ɗaya bayan ɗaya? Tashi."

Ta kai ni wurin wani likita da ya buɗe mini kati ɗaya don ciwon biyu. Ya tambaye ni batun muryar, ya tambaye ni batun kwalbar, bai ɓata fuska ba. Kowace Talata in karɓi magani, in zauna da masu fama irin nawa. Sau biyu na koma sha. Ba a kore ni ba.

Yau shekara huɗu ban sha ba, maganina kuwa ina sha kullum. Talatu ta dawo gida. Bulus ya ƙi. In na je Doma yakan tsaya bayan kakarsa ya ce, "Sannu, Anti."

Na gode wa Allah da ya raya ni. Ku dogara gare shi, kada kuma ku sa mara lafiya ya ƙona maganinsa. Ku yi wa Bulus addu'a. Ƙarshen wata zan sake zuwa Doma.