Sunaye Biyar da Za a Kai wa Umda

Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon da aka haifa a garin nan da muke zaune. Shugaban wannan zama, Baba Ja'afaru, limaminmu, dattawan unguwarmu Utaibiyya, da waɗanda aka yanke wa cibi a Makka da waɗanda suka tako da ƙafa ta Cadi da Sudan, iyayenmu mata da ke saurare daga bayan labule, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni ne Lurwanu, mai yi wa muɗawwifi, jagoran mahajjata, hidimar alhazai. Na gode da aka ba ni dama, ko da yake an san bakina ba ya jin birki.

Abu na farko, kowa ya san abin da ya tara mu. Umda, mai unguwarmu, ya ce kafin Juma'a a kai masa sunayen mutum biyar da za su shaidi mazauna cikinmu, a ba su iƙama, takardar izinin zama. Wanda ba a shaida ba, Jidda za a kai shi, a sa shi a jirgi. Dattawa sun zaɓi biyar, har da ni, kuma dukkanmu haifaffun Makka ne. Haka muka saba: wanda kakansa ya riga zuwa, wanda Larabcinsa ya fi daɗi, shi ake turawa gaban hukuma.

Abu na biyu labari ne. A hajjin bana, muna jiran motar Arfa, na zauna da wani alhajin Filifin, Abdulganiyyu, mutumin kudancin ƙasar inda Musulminsu suke. Ya ce mini duk bayan shekara biyu suna zaɓen dattawan majalisa takwas, kuma ƙasar gaba ɗaya ke zaɓensu, ba gari gari ba. Na ce, "Ai da sauƙi, jam'iyya ta ɗauko takwas da suka fi iya magana." Ya yi dariya har haraminsa ya zame. Ya ce, "Ya akhi, da mun faɗi! Tsibirai ne da mu, kowane da yarensa. In wakilai sun taru, sai an duba an sa na arewa, an sa na tsakiya, an sa namu na kudu, domin mutum ba ya jefa ƙuri'a ga jerin da bai ga nasa a ciki ba. In jam'iyya biyu suka haɗa kai kuwa, sai babbar ta sauke nata mutum, mai suna da ƙarfi, ta ba ƙaramar gurbi. Ana kuka, ana zage-zage, amma ana yi."

Ya jama'a, ba na cewa waliyyai ne. Amma wallahi maganar nan ta zauna mini a ƙirji.

Ku dube mu biyar ɗin nan. Gidaje arba'in na 'yan'uwanmu da suka zo ta hanya suna can kan dutse. In Umda ya ce, "Lurwanu, wace ce Saudatu mai ƙosai, shekararta nawa a nan?" me zan ce? Ƙosanta na sani, ban san ƙofarta ba. In yi shiru a kore ta, ko in rantse da ƙarya a Harami? Kunya nake ji, kuma tsoro nake ji.

Akwai wanda ya sani. Tsoho mai ruwa, shi ma ta hanya ya zo, shekara tara yana hawa dutsen nan da gwangwani biyu a kafaɗa. Ya san kowace ƙofa, ya san wanda ya haihu, ya san wanda ya binne nasa a nan.

Saboda haka, Baba Ja'afaru, a gaban jama'a nake roƙo a goge sunana, a rubuta nasa. Tsoho, kada ka girgiza mini kai! Larabcin da kake tsoro, ni zan tsaya a bayanka in fassara, kai kuwa ka zauna a kujerar shaida.

Allah Ya haɗa kawunanmu, Ya tausasa zuciyar masu hukunci, Ya sa kada a raba ko gida ɗaya da maƙwabtakar Ɗakinsa. Amin.

Na gode.