Kaskon Madam Zerbib

"Ni da kaina zan je, da ƙafata, kafin mako ya zagayo. In ban je ba, ku sauke ni daga kujerar nan."

Wannan magana ba tawa ba ce. Ta Alhaji Saley ce, shugaban ƙungiyarmu, ranar shida ga Janairu. Ni na rubuta ta a littafin taro, domin ni ce magatakarda. Yau goma ga Maris. Makon ya zagayo sau tara.

Assalamu alaikum. Shugaban taro, Alhaji Saley. Malam Rachidou da 'yan'uwanmu na reshen Paris da suka hawo jirgin ƙasa dominmu. Malamanmu da dattawanmu. Iyayena mata, yayyena da ƙannena. Ɗalibai da ma'aikata. Dukkan 'yan Nijar mazauna Lyon, ina gaishe ku gaisuwar girma. Na gode da aka ba ni minti goma. An ce in karanta rahoton shekara. Rahoton ke nan nake karantawa.

Na farko, me mutanen nan suka yi mana?

Shekara biyar da suka wuce mun nemi ɗakin da za mu koya wa 'ya'yanmu Hausa ranar Lahadi. Ƙofa uku muka ƙwanƙwasa, aka ce mu dawo. Ta huɗu ita ce cibiyar maƙwabtanmu Yahudawa a Villeurbanne. Wanda bai taɓa shiga ba, bari in faɗa masa abin da ke ciki: ɗakin littattafai, ajin harshensu, ƙungiyar waƙoƙin kakanninsu, abincin rana na tsofaffi kowace Talata, da ajin Laraba, inda malaman da suka yi ritaya ke taya yara aikin lakwal, wato aikin makaranta. Suka ba mu zaure, suka ba mu makulli. Ba mu roƙa ba, suka ce yaranmu ma su zo ajin Laraba. Yau yara ashirin da uku gare mu a can.

Sharaɗi ɗaya suka gindaya. Madam Zerbib, malamar lissafi mai shekara saba'in da huɗu, ta kama hannuna ta kai ni ɗakin girkinsu. Ta nuna mini tukwane masu jan hannu, na nama. Ta nuna mini masu shuɗin hannu, na madara. Ta ce a addininsu nama da madara ba sa haɗuwa, ko a tukunya, ko a cokali, kuma naman da ba yankansu ba ba ya shiga ɗakin. Ta ce, "Zuwaira, zaure naku ne, kujeru naku ne. Wannan ƙofar kaɗai za ku kiyaye." Na ce mun ji. Da sunanku na ce mun ji.

Na biyu, me muka yi musu?

A bikin ranar Jamhuriya da muka yi a zaurensu, cikin Disamba, baƙinmu na Paris suka zo da naman rago daga kasuwar Château Rouge da man shanu na gida. Allah ya saka musu, ba su san sharaɗin ba. Mu muka sani. Na ce a dafa a gida a kawo cikin kuloli. Aka ce zai huce. Shekara goma sha shida ina garin nan ban ga ɗaya daga cikin mazan kwamiti ya tafasa ruwan shayi ba, amma ran nan kowa ya zama kuku. Na tafi tasha tarbo sauran baƙi, na dawo na tarar da ƙofar ɗakin girkin a buɗe, nama yana soyuwa cikin man shanu. Na ce, "Alhaji, me ke nan?" Ya ce, "Haba Hajiya, ai su ma ba sa cin alade. Yankansu halal ne gare mu, namu ma haka."

A'a, Alhaji. Don ya halatta mu ci nasu, ba shi ne ya halatta musu namu ba. Ba kai ke yi musu fatawa ba. Da wani ya ari masallacinmu, ya taka shimfiɗa da takalmi, ya ce ai duk Allah ɗaya muke bauta wa, da yau ba a zaure muke wannan taro ba, da muna ƙofar gidansa.

Kwana uku tsofaffin matan nan suna tafasa tukwane da cokula don su tsarkake su. Talata biyu ba a yi abincin tsofaffi ba, mutum arba'in, wasunsu ranar kaɗai suke cin abinci da wani a gefensu. Ƙarfe yana tsarkaka, amma yumɓu ba ya tsarkaka. Babban kaskon da kuka juye naman a ciki da zafinsa, don ya fi kyau a hoto, na mahaifiyar Madam Zerbib ne. A cinya ta riƙo shi cikin jirgin ruwa daga Aljeriya. Yanzu yana saman kabad, ba za a sake ci a cikinsa ba har abada.

Na je wurinta ina jin kunya. Ta ce, "Kada ku saya mini wani, babu kasuwarsa. Ina son wanda ya buɗe ƙofar ya zo ya ce mini shi ne." Ta juya ta ci gaba da koya wa 'yar Maimouna, ɗaya daga cikin yaranmu, lissafi. Laraba ko ɗaya ba ta fasa ba.

Na uku, uzurorin da na ji.

An ce an buga waya ba a ɗauka ba. Na tambaya wace rana. Asabar! Shekara biyar muna riƙe da makullin mutane, ba mu san ba sa taɓa waya ranar Asabar ba? Ko mun sani, shi ya sa muka zaɓi ranar?

An ce dattijo ba ya zuwa ya durƙusa wa mace. Ba ta ce a durƙusa ba. Kuma ta girme ka da shekara ashirin.

Wani ya ce mini a tiram, jirgin cikin gari, "Hajiya, ki duba abin da ake yi wa Falasɗinawa." Na duba, na yi kuka, na fita zanga-zanga ranar da shi yake gida yana kallon ƙwallo. Amma Madam Zerbib ba ta da tankar yaƙi, alli gare ta. Kada mu ɓoye rashin kunyarmu a bayan jinin mutanen da ba su aike mu ba.

Ga abin da ke gabanmu. Lahadi mai zuwa, sha bakwai ga wata, kwamitinsu zai zauna ya yanke ko a ci gaba da mu. Yara bakwai cikin namu za su rubuta jarrabawar birebe a watan Yuni. Wane ne a zauren nan zai koya musu lissafi? Ya ɗaga hannu in rubuta sunansa.

Babu. To.

Ranar Juma'a suna rufe cibiyar kafin faɗuwar rana. Alhaji, ƙarfe huɗu na yamma, bayan an sauko daga masallaci, zan tsaya a bakin ƙofar da makullin a hannuna. In ka zo, zan tsaya a bayanka, ba zan ce uffan ba, kuma ni zan fara yabonka a taro na gaba. In ba ka zo ba, zan shiga da iyaye mata goma sha ɗaya da suka riga suka ba ni sunayensu. Za mu ba da haƙuri, mu mayar da makullin ƙungiya, mu roƙi a bar yaran da sunanmu mu iyayensu. Daga nan zan kira taron gaggawa, in karanta rabi na biyu na alkawarinka, in nemi a ɗaga hannu.

Allah ya ba mu ikon cika abin da bakinmu ya furta. Allah ya raya mana 'ya'yanmu, ya buɗe musu ƙwaƙwalwa, ya saka wa duk wanda ya koya musu ko da harafi ɗaya. Allah ya mayar da baƙinmu Paris lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah kuma ya kai mu Juma'a, ƙarfe huɗu.

Na gode.