Jatan Lande Don Mai Jego

A bakin titin Bompai muna jiran bas bayan an tashi daga aiki, sai wata dattijuwa ta dubi ƙunshin da ke hannun wani lebura.

"Ɗan nan, mene ne wannan mai ƙamshin kwakwa?"

"Jatan lande ne, Inna. Da garin burodi da kwakwa aka soya shi, ga miyar da ake dangwalawa. Liyafa aka yi a gidan manajanmu. Kukunsa ya ce ya fi naman sa gina jiki. Mai ɗakina zan kai wa, shekaranjiya ta haihu."

"Mai jego? Abin ruwa ai sanyi ne! Ga maiƙo, ga miya duk sukari. Ina ƙaurin da miji ke saye?"

"Wannan ma ya wadatar."

"Ba ka saya ba ke nan. Gobe surukarka za ta buɗe tukunya ba ƙafar saniya, ta ce ba ka iya riƙon 'yarta ba."

Ya sosa ƙeya.

"Je ka kwata ka nemi ɗana Gwadabe mahauci, ka ce Zaituna ce ta aiko ka. Miƙo wannan."

"Ku za ku ci, Inna?"

Ta dangwali miyar. "Ni da jego ai mun daɗe da rabuwa."