Ƙabar Maigidana da Tsohon Rawani

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ce Hadiza daga Fagge.

Shekara huɗu maigidana yana fama da ƙaba a gefen mara. In ta fito sai ya danna ta, ya ɗaure da tsohon rawani, ya tafi sauke siminti a Sabon Gari. Na ce ya je asibiti, ya ce, "Ke dai karanta littattafanki na soyayya, ba zan tuɓe wa likita wando ba."

Ranar Talata ƙabar ta ƙi komawa, yana ta amai, muka kai shi asibiti. Likita ya ce hanjin ya shaƙe har ya ruɓe. Washegari ya rasu.

A littattafan nan miji yakan ji maganar matarsa. Ni ina takaba, ga ƙaninsa mai irin ciwon ya gaji rawanin. Masu sauraro, me zan ce masa ya ji?